Gambarar Zamani: Me Samarinmu Suke Faɗa?

Ya kai mai karatu, ka taɓa wucewa ta gaban wata fada da dare, nan cikin garin Madarunfa? Samari ne zaune, wasu bisa tabarma, wasu bisa benci. Gawayi ya yi ja cikin ɗan murhun ƙarfe. Butar shayi tana tafasa. Wani ya ɗora salula bisa gwiwa, kiɗa yana fita, dim, dim, dim, kamar mata suna daka. Bisa kiɗan kuma ga wani yana ta zuba magana da sauri, ko miyau ba ya haɗiyewa. Samarin suna gyaɗa kai, suna bin sa da baki.

Wataƙila ka ce a ranka: "Wannan kuma wace irin waƙa ce? Ba kalangu, ba gurmi, ba ƴan amshi. Surutu ne kawai!" Wataƙila ma ɗanka yana cikinsu, kun sha yin faɗa a kan abin. Ke ma, malama, na san kin taɓa kiran yaro ki aike shi, bai ji ki ba, don ya toshe kunnuwa da waya.

Sunan waƙar nan rap. Wasu suna cewa hip-hop. Gidajen rediyo na Hausa kuwa sun raɗa mata suna mai daɗi: gambarar zamani. Yau za mu ga inda ta fito, da yadda ta iso ƙasarmu, da yadda ake yin ta. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. In za ka hana ɗanka abu, gara ka san ko mene ne. In za ka bar shi ma, haka.

Inda aka haife ta

A ƙasar Amurka akwai wani babban birni, Niyu Yok. A cikinsa akwai wata unguwa mai suna Bronx. Wajen 1970 unguwar nan ta lalace. Masana'antu sun tashi, aiki ya yi wuya. Masu hali sun ƙaura. Gidaje suna ta ƙonewa. Waɗanda suka rage talakawa ne, yawancinsu baƙar fata, da baƙi daga tsibiran da ke kudu da Amurka.

Ran 11 ga watan Agusta 1973, wata yarinya mai suna Cindy Campbell ta shirya ɗan wasa a gidan benen da suke haya. So take ta tara kuɗin tufafin komawa makaranta. Wanta Clive, wanda ake kira Kool Herc, shi ne mai sa kiɗa. Haifaffen Jamaika ne, shekarunsa 18. Daga wannan wasa ne ake ƙirga shekarun hip-hop.

Yaron nan ya lura da wani abu. In faifai ya kai wurin da mawaƙi ya yi shiru, ganga kaɗai ta rage, to nan ne masu rawa suke zabura. Amma wurin gajere ne, nan da nan ya wuce. Sai ya yi dabara. Ya samo faifai biyu iri ɗaya, da na'ura biyu. In gangar wannan ta ƙare, sai ya saki ta wancan, ya mai da na farko baya. Ganga ba ta yankewa. Shi da abokansa kuma suka riƙa ɗaukar makirfo. Suna kiran sunayen mutane, suna zuga masu rawa, kamar dai sanƙira a gidan biki. Zugar nan ita ce ta girma, ta yi tsawo, ta zama rap.

Ka ga ke nan, ba a gidan masu kuɗi aka haife ta ba. Yaran da ba su da halin sayen kayan kiɗa ne suka mai da tsohon faifai ya zama ganga.

Hip-hop kamar gida ne mai ɗaki huɗu. Akwai mai juya faifai. Akwai mai magana bisa kiɗa. Akwai mai rawa, irin wadda ake jujjuyawa a ƙasa, har da ka. Akwai kuma mai zane a bango. Rap ita ce ɗakin mai magana. In ka ga samari sun rubuta sunan fadarsu da fenti a jikin bango, to ɗan'uwan wancan zanen ne.

A 1979 wata ƙungiya, Sugarhill Gang, ta fitar da faifai mai suna "Rapper's Delight". Tsawonsa kusan minti 15. Shi ne ya fara kai rap kunnen duniya. Waƙar nishaɗi ce da fariya. A 1982 kuma Grandmaster Flash da mutanensa suka fitar da "The Message", wato "Saƙo". Ita wannan, wahalar zaman unguwar talakawa ta faɗa. Tun daga nan rap take da hanya biyu: hanyar fariya, da hanyar faɗin damuwa. Ka riƙe wannan, za mu koma kansa.

Yadda ta iso Nijar

Daga Amurka rap ta tsallaka Faransa. A 1984 telebijin ɗin Faransa ya fara wani shiri na hip-hop, yara suka ɗauka. Daga cikin waɗanda suka yi suna can akwai MC Solaar. A Dakar aka haife shi, iyayensa mutanen Cadi ne. Kundinsa na farko ya fito a 1991. A Senegal kuma, wasu samari biyu sun kafa ƙungiyar Positive Black Soul a 1989. Su suka nuna wa ƴan Afirka cewa ana iya yin rap da harshen gida, don da Wolof suke yi, harshen mutanen Dakar.

Kasakasai suka fara shigowa Yamai cikin jakar matafiya da ɗalibai. Amma iri ba ya tsiro sai ƙasa ta jiƙa. Me ya jiƙa ƙasar Nijar?

Manya daga cikinku sun tuna. A 1991 aka yi babban taron ƙasa a Yamai. Bakin mutane ya buɗe. Jam'iyyu suka fito, jaridu suka fito, daga baya gidajen rediyo masu zaman kansu suka biyo, irin su Anfani, wadda ta buɗe reshe a Maraɗi. Amma aljihu bai buɗe ba. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa, ta ragu da rabi. Kaya suka yi tsada. Ma'aikata suna yin watanni ba albashi. Makarantu suna ta yajin aiki, har shekara ta wuce a banza. Gwamnati kuma ta daina ɗaukar duk wanda ya gama karatu aiki, kamar yadda ake yi a da.

To, saurayi ya gama lakwal. Ga takarda, ba aiki. Ba aiki, ba aure. Ba aure, ba a kiran sa cikin shawarar manya. Ina za shi? Sai fada. A waɗannan shekaru ne fadojin shayi suka cika garuruwanmu. Shayi kuwa ba a yin sa da gaggawa. Kafin a sha na ɗaya, a sha na biyu, a kai na uku, an yi hira mai tsawo. Ga lokaci, ga baki ya buɗe, ga ciki cike da magana. Rap ta tarar da wurin zama a shirye.

Kafin ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyoyi sun fito a Yamai. Ka dubi sunayensu, za ka gane abin da suke nufi. Akwai Lakal Kaney. Da Zabarmanci ke nan, ma'anarsa kwanciyar hankali. A 2000 suka fitar da kundinsu, "La Voix du Ténéré", wato "Muryar Tenere". Akwai Wass-Wong. Ƙungiya biyu ce ta haɗu: Wassika, wato wasiƙa da Hausa, da Wongari, wato mayaƙa da Zabarmanci. In ka haɗa, ka sami wasiƙar mayaƙa. Akwai Kaidan Gaskiya, kalmar gaskiya tana nan cikin sunan. Akwai Kamikaz, da Djoro G, da Black Daps. Cikin waƙa guda sai ka ji Faransanci, da Hausa, da Zabarmanci, wani lokaci har da Buzanci.

Mata ma ba a bar su baya ba. Zara Musa, wadda ake kira ZM, ta fitar da kundinta na farko a 2005. Ta yi magana a kan dukan mata, da wahalar da suke sha a gidan aure. Safiath kuma ta yi suna tare da Kaidan Gaskiya.

Abin ya yaɗu ƙwarai. A watan Agusta 2004, hukumar UNICEF mai kula da yara ta shirya gasar rap a Yamai. Ƙungiya 45 suka shiga. An ce a lokacin ƙungiyoyin da ake da su sun kai wajen 300.

Me suke faɗa? Rashin aiki. Cin hanci. Auren dole. Yara masu bara a titi. Ciwon sida. Ƴan siyasa masu alkawari su manta. Waɗannan ba maganganun Amurka ba ne. Namu ne, kowa ya san su. Sabon abu shi ne, yaro ne yake faɗa, a fili, cikin rediyo, manya suna ji. A al'adarmu kuwa, in babba yana magana, yaro kansa yana ƙasa. Ni a ganina, wannan ne ya fi ƙona wa manya rai, ba kiɗan ba.

Bayan waɗancan na farko, wasu sun taso, irin su MDM Crew da Barakina. Su kam zamanin salula suka tarar.

Kunnenmu ya san irinta

Yanzu bari mu dawo gida. Ka ce ba ka taɓa jin mutum yana zuba magana bisa kiɗa ba? Tuna da kyau.

Ka taɓa zuwa kallon kokowa? Ɗan kokowa ya fito tsakiyar fili, ga layu a damtse. Makaɗa suna buga takensa. Ya ɗaga hannu, ya buɗe murya. Ya faɗi ko shi wane ne, da garinsu, da wanda ya kayar bara. Ya ce duk mai ji da kansa ya fito. Ba rerawa yake ba, faɗa yake, amma maganar tana da tsari, tana tafiya da ganga. Wannan shi ne kirari. Mu mutanen jihar Maraɗi ba a koya mana shi. Da aka fara kokowar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobin. Shi ya sa filin kokowar Maraɗi yake ɗauke da sunansa.

To, in ka ji ɗan rap yana cewa shi ne gaba, ba mai ja da shi, kirari yake yi. ZM ma, sunan da ta sa wa kundin nan nata na 2005 shi ne "Kirari". Ta san abin da take yi.

Sai kuma ƴan gambara. Tsofaffi sun san su. Ranar kasuwa za ka gan su biyu ko uku, da gangarsu. Ɗaya ya jefa magana, ɗaya ya cafe. Da sauri suke yi, kalma tana bin kalma, ƙarshensu iri ɗaya. Suna ba da dariya. Suna yi wa marowaci tsiya. Wani lokaci kuma bakinsu ba linzami, har mai kunya ya bar wurin. Daga sunansu aka samo "gambarar zamani". Wanda ya raɗa sunan nan ya iya kallo.

Manyan mawaƙanmu ma haka. Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa ta ƙasar Katsina, wanda ya rasu a 1999, yana da "Bakandamiya", inda ya wasa kansa. Zambo da habaici kuwa, makaɗan fada sun ƙware a kai tun kafin a haifi kakan Kool Herc. In ƴan rap biyu suna jifan juna da magana, kowa yana mai da martani, ba su zo da sabon abu ba a ƙasar Hausa.

Amma a yi hattara. Kada mu ce daga wurinmu Amurkawa suka sato ta. Gaskiya ne, kakannin baƙar fatar Amurka da yawa daga Afirka ta Yamma aka kwashe su zamanin cinikin bayi. Duk da haka, a Niyu Yok aka ƙera rap, da faifai da lantarki. Abin da za mu ce shi ne: baƙuwa ce da ta zo, ta tarar da masu kama da ita a gidan.

Akwai kuma bambanci babba. Makaɗin gargajiya yana da ubangida: sarki, ko attajiri, ko manomi, ko ɗan dambe. Shi yake yi wa waƙa, shi yake ba shi riga da doki. Sau da yawa ma gadon gidansu ne. Ɗan rap ba ya gadon ta. Ɗan malam yana yi, ɗan maƙeri yana yi, ɗan ma'aikaci yana yi. Kuma a asali ba shi da ubangida. Kansa yake wasawa, unguwarsu yake wasawa, sannan ya juya ya faɗi abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya.

Ta kudu ma tana shigowa

Mu nan Madarunfa, Yamai tana da nisa, fiye da kilomita 600. Maraɗi kuwa ba ta fi kilomita 25 ba. Ta kudu, in ka bi Ɗan Isa ka tsallaka iyaka, ga Jibiya, ga Katsina, ba ta kai kilomita 100 ba. Naira tana yawo a kasuwanninmu. Finafinan Kano sun daɗe a gidajenmu. Saboda haka salular yaranmu ƙofa biyu gare ta: ɗaya tana kallon Yamai, ɗaya tana kallon Najeriya. Ta biyun ma ta fi faɗi, don Hausa zalla ke shigowa ta nan.

A Kano ƴan rap sun sha gwagwarmaya. An kafa hukumar tace finafinai a 2001. Daga 2007 ta tsananta wa ƴan fim da mawaƙa. Wani saurayi, Nazir Ahmed Hausawa, wanda ake kira Ziriums, ya yi waƙa mai suna "Girgiza Kai" a kan wannan matsi. A 2009 wata kotu a Kano ta hana sayarwa da sauraron waƙoƙi 11, har da ita. Amma ina! Waƙoƙin sun riga sun shiga salula, suna tsalle daga wannan zuwa waccan. Wa zai bi aljihun kowa?

A 2014 aka buɗe tashar telebijin ta Arewa24. Aminu Abba Umar, wanda ake kira Nomiis Gee, ya riƙa gabatar da shirin hip-hop a cikinta. Mawaƙa suka samu inda za a gan su. Sunayen da za ka ji a bakin samari sun haɗa da ClassiQ da BOC Madaki daga Bauci, da DJ AB daga Kaduna, da Morell daga Borno.

An rufe iyakar nan a 2019. An sake rufe ta a 2023. Motocin kaya sun tsaya, ƴan kasuwa sun ji jiki. Waƙa kam ba ta tsaya ba ko kwana ɗaya.

Yadda ake ɗinka ta

Nan ne darasin ya shafe ka, kai da ka koyi riƙe bik.

Yawancin makaɗan gargajiya da ka suke aiki. Suna shirya waƙa a zuci, ƴan amshi su riƙe musu. Ɗan rap kuwa, kafin ya je gaban makirfo, zama yake da bik da kaye. Ya rubuta, ya soke, ya sake rubutawa. Me ya sa? Don kalmomin suna da yawa, kuma kowace sai ta faɗa daidai wurinta. Ta wannan gefe, ya fi kama da malamanmu masu rubuta waƙa da ajami.

Abu biyu yake kiyayewa.

Na farko, bugu. Kiɗan rap ƙirga huɗu ne. Gwada yanzu: tafa hannu, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sake: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Kowane layi sai ya shiga cikin tafi huɗun nan. In kalmomi sun yi yawa, sai a faɗe su da sauri. Shi ya sa kake jin kamar ana korar mai waƙar. Yawanci layi 16 ake jerawa, sannan amshi ya shigo. Ashe akwai amshi, ba ka dai lura ba ne.

Na biyu, ƙafiya, wato ƙarshen layuka ya zama sauti ɗaya. Ga misali na shirya maka. Karanta da ƙarfi, kana tafi:

Da asuba na fito, na nufi bakin tafki,
Ba ni da koma, ba ni da taru, ga ni da son aiki,
Wanda ya ƙoshi yana faɗin in zauna cikin ɗaki,
Yunwa ba ta jin magana, sai loma ta kai baki.

Dubi ƙarshen kowane layi: tafki, aiki, ɗaki, baki. Duka da "ki" suka ƙare. Ƙafiya ke nan. Ka ga kuma ban ambaci Amurka ba, ban zagi kowa ba. Tafkinmu na ambata, da yaron da ba shi da kayan su.

In rubutu ya kammala, sai a tafi situdiyo. Kada sunan ya ba ka tsoro. Sau da yawa ɗan ɗaki ne, da kwamfuta, da makirfo, da katifa a jikin bango don kada ƙarar waje ta shigo. Kwamfuta ce take yin kiɗan, ba makaɗi. A ɗauki murya, a haɗa, a zuba a salula. Daga nan sai WhatsApp, da Facebook, da TikTok.

Yaron Madarunfa ba ya rasa abin rubutawa. Ga tafki, da masunta, da tsuntsayen da ke sauka. Ga kaburburan waliyyai 99 da ake faɗi, waɗanda mutane ke zuwa ziyara. Ga gulbi in ya kawo ruwa, da masu noman rani a Jiratawa. Ga kuma abin baƙin ciki: ɓarayin shanu, da masu satar mutane don kuɗin fansa, waɗanda suka hana ƙauyukan bakin iyaka barci. Ga abokai da suka tafi ci-rani, wasu Najeriya, wasu Agadas, wasu Libiya, wasu ba labari. Yaron da ya bar duk wannan, ya tsaya yana waƙar motar da bai taɓa hawa ba, ni dai ina ganin ya yi asarar tawada.

Abin da ke damun iyaye

Kada mu ɓoye, damuwar iyaye tana da tushe. Ka tuna hanya biyun nan? Hanyar fariya ta yi ƙarfi. Akwai waƙoƙin da ba komai cikinsu sai zagi, da batsa, da yabon kuɗi. Akwai masu wulaƙanta mata. Akwai yaran da ba su ɗauki komai ba sai sakin wando da taurin kai. A wasu fadojin kuma ana shan ƙwaya, kowa ya sani. A Amurka ma abin ya taɓa kai ga jini: Tupac Shakur, wanda samarin Nijar da yawa suka so, harbe shi aka yi a 1996, yana da shekara 25.

Ta wajen addini, malamai da yawa suna hana kiɗa gaba ɗaya. Wasu kuma suna cewa a dubi abin da waƙa ta ƙunsa. Wannan magana ta malamai ce, ka tambayi wanda ka amince da shi. Amma ka lura, hukuncin bai ware rap ita kaɗai ba. Wanda ya sha kalangu da rana, bai kamata ya ce kiɗan ɗansa ne kaɗai haram da dare ba.

Sai maganar abinci. Uba yana tambaya: "To, waƙar nan za ta ciyar da kai?" Tambaya ce mai kyau. Situdiyo kuɗi ake biya. Amma in waƙa ta fita, kyauta take yawo. Mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa yana karɓar ɗan abinsa, ya cika maka salula. Wanda ya yi waƙar ko dala ba ya gani. Akwai ofishin kare haƙƙin mawaƙa a Yamai, ana kiran sa BNDA, amma hannunsa ba ya kai kowace rumfa. Ƴan kaɗan ne suke ci da rap. Saura sai sun haɗa da wata sana'a: kabu-kabu, ɗinki, gyaran salula, noma.

Daga nan ne wani tarko yake fitowa. Mai kuɗin biya su wane ne? Ƙungiyoyin agaji, masu son a yi waƙar rigakafi ko ta karatun ƴaƴa mata. Kamfanoni, masu son talla. Da ƴan siyasa, lokacin zaɓe. Waƙar rigakafi ba laifi ba ce. Amma yaron da ya fara da faɗin gaskiya, in yunwa ta matsa, sai ka ji shi yana wasa wanda ya zaga bara. Ya koma maroƙi ke nan, sai dai ba kalangu. Saboda haka in ka ji waƙa, ka tambayi kanka: wa ya biya?

Yanzu a ce ka zauna da ɗanka. Maimakon ka ce, "Kashe mini shirmen nan," sai ka ce:

"Kai, zo nan. Me mutumin nan yake cewa?"

"Baba, maganar rashin aiki yake yi."

"To, mai da shi baya. Faɗa mini sannu-sannu, in rubuta."

Da can ba ka iya wannan. Maganar tana wucewa da gudu, ba ka kama ta. Yanzu kana da bik. Abin da aka rubuta ba ya gudu. In ka kwantar da waƙa bisa takarda, ba kiɗa, ba ihu, nan za ka ga ko hatsi ce ko ƙaiƙayi. In zagi ce, ka nuna masa da yatsa, ka ce ya karanta a gaban uwarsa in ya iya. In kuwa magana ce mai ma'ana, to ka ji abin da ke cikin ɗanka, wanda kunya ta hana shi faɗa maka baki da baki.

Aikin gida

Ka sami wani saurayi a gidanku ko a maƙwabta. Ka ce ya zaɓo waƙar rap ta Hausa wadda ya fi so. Ya faɗa maka layi huɗu, kai kuma ka rubuta cikin kayenka. Ka ja layi ƙarƙashin kalmar ƙarshe ta kowane ɗaya, ka ga ko sautinsu ya zo daidai. Ka rubuta sunan mai waƙar, da garinsu.

Bayan haka, ka gwada naka. Ga kalmomi huɗu: gona, rana, gina, kwana. Ka sa kowace a ƙarshen layi. Ka faɗi wani abu da ya dame ka a bana, ko farashin taki ne, ko hanyar ƙauyenku. Ke ma, malama, ki rubuta naki, ko a kan layin famfo ne. In layi ya ƙi shiga tafi huɗu, a soke, a sake. Ranar karatu mai zuwa kowa ya zo da kayensa, za mu karanta su ɗaya bayan ɗaya, saura suna tafi.